Bututu Mai Gwiwa Tara

Ba zan taɓa mantawa da bututun gidan Malam ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen gidan sun ɗauki alkawarin ba za su bar ni ba. Yau shekara nawa, na yi furfura, na yi aiki a gidajen manya, amma duk sa'ad da na shiga gidan nan sai wata ta kalli ƙasa, ta kalle ni, ta rufe baki da mayafi.

Lokacin jihar Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, an kuma fara shari'a. Ni ma ban daɗe da gama koyon aikin lantarki a Kaura Namoda ba, ina yawo da sukudireba a aljihun gaba yadda kowa zai san da wa yake magana. Ina neman auren Luba, 'yar wani malami a wani gari da ke tsakanin Shinkafi da Jangeru. Mahaifinta mutum ne mai ƙarancin magana, wanda zuwan shari'a ya sa aka ɗauko shi daga zaurensa aka ba shi alƙalanci a wata ƙaramar kotu. Shekara guda ina sintiri, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce kawai, a bari yarinya ta sauke Alƙur'ani, bayan walima zai ga wanda zai ce wa ya turo magabatansa. Ya ce "wanda" ne don ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar, wanda ba ya zuwa gaisuwa sai da atamfa da kwalin sukari. Ni kuwa ba ni da atamfa, sai sukudireba.

Saura mako biyu walima Malam ya sayi janareta. Wutar gwamnati ba ta kai garin ba tukuna, ga shi an daina kiɗa a taro, wa'azi ake yi, wa'azi kuma sai da lasifika. An gayyato wani mai wa'azi tun daga Zurmi. Saboda ƙara, aka gina wa injin 'yar rumfa can ƙarshen gida, bayan ɗakunan mata. Wutar kuwa a zaure ake son ta, wato sai waya ta ratsa tsakar gida kaf.

Ina zaune a bakin tabarma, kaina a ƙasa, na ji Malam yana cewa da ƙaninsa, "Wayag ga ba ni son ta bisa. Mata na shanya, yara na lilo."

Da na yi shiru, da yau ba ni da labari. Amma ina! Sai na ji bakina yana cewa, "Allah shi gafarta Malam, ai ba bisa za ta bi ba. Ƙasa za mu bizne ta, cikin bututun ƙarhe. Ba gara, ba ɓera, ba mai ko ganin ta."

Malam ya dube ni a karon farko cikin wata uku. Ya ce, "Ka iya?"

Na ce ai shi na karanta. (Gaskiya ne na karanta shi. Ban dai taɓa yi ba.)

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai sani ba. Ana haƙa rami mai zurfi, a shafe bututun da kwalta don kada ya yi tsatsa, a murɗa su cikin juna su kamu sosai, a bar wata siririyar wayar ƙarfe a ciki wadda da ita za a jawo babbar wayar wuta daga baya. Inda hanya ta karkata sai a sa gwiwa, wato lanƙwasasshen guntun bututu. Malaminmu na makaranta ya sha buga tebur a kan wannan: gwiwa biyu, in ta matsa uku, daga nan sai a sa akwati mai murfi inda hannu zai shiga. In ka wuce haka, waya ba za ta bi ba, ko uban wa ya ja ta. Na rubuta wannan a jarrabawa, har na ci maki.

Ranar Asabar na iso da bututu a bayan motar kasuwa. Aka yi sallama aka ce mata su kintsa namiji zai shigo, na ɗaure igiya daga rumfar inji zuwa zaure, miƙaƙƙiya sak. Ina cikin sha'awar igiyata Malam ya fito zai tafi masallaci. Ya tsaya, ya bi ta da kallo, ya ce, "Kak ka yi gina ƙarƙashin rumbun ga. Kewaye shi."

To, jama'a, ku gaya mini. Mutumin da ba na iya shan ruwa a gabansa, wanda in na hango shi a hanya nake sauka daga kan keke in cire takalmi, shi zan ce wa bututu ba ya kewaye? Na ce, "To, Malam." Kewaye rumbu ya ci gwiwa uku. Na lallashi kaina cewa uku ai ba ta wuce ƙa'ida ba, in aka manta da ta bakin inji da ta bakin zaure.

Ban yi nisa da diga ba sai ga Kaka Ige, mahaifiyar Malam. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai bakin tsiya, wadda tun ranar da na fara zuwa ta ce ita ce uwargidana, Luba amarya. Ta dogara sandarta daidai kan igiyata.

"Maigida, ina za ka da ramin ga?"

Na ce zaure.

"Ba ta nan ba. Nan anka bizne cibiyar ɗiyan gidan ga duka, tun daga Malam ɗinka har amaryar da kaka ma rawar kai. In kat tono min su, kai za ka maida su ɗai-ɗai."

Na duba wurin. Ƙasa ce kawai, babu ko alama. Na so in ce cibiyar da aka binne shekara hamsin ai ta zama ƙasa, amma wa zai faɗi haka ga kakar yarinyar da yake nema? Na ce, "To, Kaka." Na kewaye.

Mahaifiyar Luba kuwa ba ta taɓa yi mini magana ba, ni ma ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, haka kunyar surukai take a wurinmu. Amma ta bayan labule na ji ana gaya wa bango cewa bishiyar lallen nan ba a taɓa mata saiwa. Bango bai amsa ba, ni na amsa. Ƙanin Malam ma da ya ga kowa yana samun rabonsa, ya ce turken ragonsa ya daɗe a nan. Da la'asar ramina ya koma kamar sawun maciji a kan yashi, na tsaya na ƙirga gwiwa, tara cif.

Na san tara ta yi yawa. Ina so a rubuta wannan, na sani. Na ma yi tunanin sa akwati mai murfi a tsakiya, sai na tuna na riga na cika baki cewa ba mai ko ganin aikin. Ga kuma ƙasar gidan, marmara ce, diga na tashi kamar ta bugi dutse. Na ƙi a taya ni don a ga ƙwazona, hannuwana suka yi kanta suka fashe, ramin da ya kamata ya kai gwiwar mutum ya tsaya a taƙi guda. Bututun ma wasu ba su murɗu har ƙarshe ba, na ce ai ƙasa za ta riƙe su. Na zura wayar ja, wato siririyar nan, na mai da ƙasa, na tattake. Babbar wayar sai an kawo daga Gusau, don haka na koma Kaura da niyyar in dawo in ja ta, in ta ƙi in tone abina a ɓoye in gyara.

Wayar ba ta iso ba sai daren Alhamis, walima kuma Juma'a bayan la'asar. Da sassafe abokina Sahabi ya ɗauko ni a babur ɗinsa. Sahabi ɗan kabu-kabu ne, kuma tun da aka hana su ɗaukar mata yake cikin fushi da duniya, kowane rami a hanya sai ya faɗa shi da gangan. Muka iso, aka yi mini iso, na shiga tsakar gida, na tsaya cak.

An yi daɓe.

Wanda bai san daɓe ba, ba zai gane abin da na gani ba. Mata ne ke taruwa, su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su durƙusa a jere da madaɓai suna bugu suna yayyafa ruwa, sannan a shafe da makuba har ƙasa ta yi santsi tana ƙyalli. Kaka Ige ta tara matan unguwa kwana uku suna yi, saboda baƙin walima. Tun daga bakin zaure har rumfar inji, ko tsaga babu. Bututuna yana ƙarƙashi, da gwiwoyinsa tara.

"Maigida, ka ga aikin mata?" in ji Kaka. "Saura mu ga na maza."

Na ɗaura babbar waya a jikin wayar ja ta wajen inji, na zagayo zaure na fara ja. Ta taho kamar kamu biyar, har na fara murmushi, sai ta tsaya. Na ja, ta ƙi. Na koma baya na tura, ta ƙi. Na jawo ta waje na goga mata sabulu, ta ƙara kamu ɗaya ta sake cijewa. Na karɓi man gyaɗa a kicin, ta sha man ta yi zamanta. Wajen hantsi gumi ya jiƙa rigar da na ɗinka don walima, Kaka kuma ta jawo kujera ta zauna kamar mai kallon dambe.

"Ba a yi mata karkashi?" ta ce.

Na ce Kaka wannan aikin ilimi ne.

"Awo. Ilimin na gani tun da sahe."

Bayan rabin sa'a na koma na roƙi karkashin. (Ina roƙon abokan sana'a su tsallake wannan wurin.) Aka dama mini kwano guda, na ɗura yauƙi a bututun da na ce na karanta a makaranta. Abin haushin, ya yi aiki. Wayar ta wuce gwiwa huɗu, ta isa wajen cibiyoyi, ta kafe kamar an kira sunanta.

Aka sauko daga Juma'a. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka ɗaura lasifika a kan bishiyar dogon yaro, baƙi suka fara cika. Mai wa'azin Zurmi ya iso, ya zauna kusa da Malam, yana ta gyaran murya yana duban abin magana. Ɗan kasuwar nan ma ya zo cikin shadda, ya ba ni hannu, ya tambaye ni a hankali ko akwai abin da zai taimaka da shi. Wannan tambayar ce ta ƙarasa kashe mini hankali. Na kira maza huɗu majiya ƙarfi muka kama wayar muka ja tare, ba abin da muka samu sai yankan hannu.

Sai Sahabi ya ce, "Kai, ɗaura ma babur."

Mutum mai hankali zai ce a'a. Mutum mai hankali zai je ya durƙusa gaban Malam ya ce aiki ya ƙi, a miƙa waya ta saman katanga yau kaɗai, gobe a gyara. Minti goma ya isa. Amma hakan yana nufin in faɗi da bakina, a gaban mai shadda, cewa na kasa. Na fito da wayar ja ta ƙofar zaure, na naɗe ta a kariyar babur, ƙarfen ɗora kaya na baya, na ce wa mutane su ɗan buɗa hanya. Malam yana kallo.

Sahabi ya tayar, ya ja a hankali, waya ta miƙe tana kuka. Na ce ƙara. Ya ƙara, tayar baya tana tono ƙasa tana watsa wa baƙi. Na ce ƙara mana! Shi kuma dama haushi yake nema inda zai sauke, ya murɗe hannun babur har ƙarshe. Sai na ji abu ya saki, babur ya yi gaba, waya na biye da shi. Na ɗaga hannu biyu sama a gaban jama'a, na ce da ƙarfi, "Ta taho! Alhamdu lillahi, ta taho!"

Daga cikin gida sai salati ya tashi, na mata wajen sittin a lokaci guda.

Ashe ba waya ce ta taho ba, bututun ne. Abin da ban lissafa ba, lanƙwasasshen abu in aka ja shi da ƙarfi miƙewa yake so ya yi, kuma in zai miƙe, ta kan abin da ya kewaye zai bi. Na shiga a guje, ko sallama ban yi ba. Daɓen Kaka ya ɗaɗɗago falle-falle kamar ƙanzo. Bututu ya fito fili ya kwashe bishiyar lalle da saiwarta, ya tuge turke, rago ya samu 'yanci yana zagaye gida mata na darewa. Wata gwiwa ta cire ta daki dutsen murhu, babbar tukunyar miyar walima ta kwanta a gefenta. Daga bakin karyayyen bututun kuwa karkashina ne ke fitowa a hankali, yana malala kan sabon daɓe.

Na tsaya a tsakiya, ni kaɗai namiji, da sukudireba a aljihu. Na hango Luba a ƙofar ɗaki cikin farin hijabin sauka, ta dube ni sau ɗaya ta koma ciki. Mahaifiyarta, wadda shekara guda ban ji muryarta sosai ba, ranar na ji ta, kuma ba da bango take magana ba. Kaka Ige ta tako har inda nake, ta leƙa ramin da ya buɗe daidai wurin da ta hana, ta ɗago.

"Sannu, maigida. Ka gaisa da su?"

An yi walima ba lasifika, an ci tuwo da ragowar miya da aka ƙara wa ruwa. Mai wa'azin Zurmi ya yi ta ɗaga murya har ta dushe, kuma ko da gangan ko ba da gangan ba, a kan girman kai ya yi wa'azin. Ban tsaya addu'a ba. A hanyar komawa Sahabi yana ta ƙorafin kariyarsa ta lanƙwashe, na ce in ya sake magana zan sauka in tafi Kaura a ƙasa.

Washegari na dawo da diga, ba don ina sa rai da komai ba, sai don in kwashe ƙarafuna in bar wa mai shadda fili. Na tarar da Malam zaune a kan buzu a tsakar gida, gefen ɓarnar, kamar yana jiran mai ƙara. Na durƙusa nesa.

Ya ce, "Ka san ba ta bi, tun randa kab bizne?"

Na ce na sani.

"Mi yah hana ka hwaɗi?"

Na ce, "Kunya, Allah shi gafarta Malam."

Sannan ya ce, "Kullum ina zaune kotu, mutane na hwaɗa min abin da suka ga ina son ji. Ashe har gida." Ya nuna ramin da carbinsa. "Tashi ka sake. Amma rumbun ga dai, kewaye shi."

Na ɗauki diga. Na isa gindin rumbu. Wallahi har na ɗaga ta zan fara kewayen, don bakina ya riga ya ce "to" tun kafin in tambaye shi. Sai na dubi tsagaggen daɓe, na ajiye digar, na dawo na durƙusa. Muryata ta koma ta ɗan akuya.

"Malam, a'a."

"Mi kac ce?"

"Na ce a'a, ba ya yiwuwa. Ko a ɗauke rumbu, ko a maido inji ta wannan gehe, ko ku zamna cikin duhu. Ƙarhe bai san suruki ba."

Wannan ta ƙarshen ban san inda ta fito ba, kuma da ta fito na so ƙasa ta buɗe, ga shi kuwa na riga na buɗe ta. Malam ya juya. Ya kira ƙaninsa ya ce a nemo mutane a matsar da rumfar inji. Ya miƙe, ya naɗe buzunsa, har ya kai bakin zaure sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka ce ma kawunnanka su taho Juma'a mai zuwa. Wanda za ni ba ɗiyata, ina son in ta ɓaci shi iya hwaɗa min."

Ban gama jin daɗin maganar ba sandar Kaka ta sauka a kafaɗata. Ta ce hukuncin ɗanta daban, nata daban, ita a kotunta wanda ya fasa shi ke biya. Na sake rami, miƙaƙƙe, mai zurfi har gwiwa, na murɗa kowane bututu har sai da ya yi ƙara, na ja wayata ta bi salin alin kafin in mai da ko cokali ɗaya na ƙasa. Bayan nan aka miƙo mini madaɓi. Kwana biyu ina durƙushe a jeren matan unguwa ina bugun ƙasa, ni kaɗai mai gemu, suna waƙa a hankali don kada 'yan hisba su ji, kuma ba sai na gaya muku sunan wa ke cikin waƙar ba.

Tun daga ranar, duk gidan da na je aiki, ko na wane ne, in maigida ya fara nuna mini inda zan kewaye, nakan ajiye diga in durƙusa, in gaishe shi da kyau, in ce masa a'a. Wasu su ji haushi, wasu su ce yaron nan ba shi da kunya. Ina da ita, har ta yi mini yawa. Na dai gane cewa kunyar da mutum zai ji in ya faɗi gaskiya rami yana buɗe, ta minti ɗaya ce, a gaban mutum ɗaya. In ya bari aka rufe, a gaban mata sittin zai ji ta, kuma da waƙa.